Yadda Ake Aiki da Bindigar Zafi Ba Tare da An Yi Ɓarna Ba

Tun da na ba da labarin yadda na kankare tsohon fenti daga jikin wata ƙofar katako da bindigar zafi, wato na'urar lantarkin nan mai hura iska mai tsananin zafi, tambayoyi ba su yanke ba. Wani ya sayi tasa ta babbake masa katako, wani gilashin taga ya tsage masa, wani kuma so yake ya ji ko iyalinsa za su iya busar da gashi da ita. Wannan na ƙarshe bari in sallame shi tun yanzu: a'a, ko da wasa. Kamanninsu ɗaya da na'urar busar da gashi, fanka a baya, waya mai ɗaukar zafi a gaba, amma ta gashi tana tsayawa ne ƙasa da digiri 100 a ma'aunin Salsiyas, ita kuwa wannan tana kai 500 zuwa 600. Takarda tana kamawa da wuta tun a wajen digiri 230. Abin da ke yaudarar mutane shi ne ba sa ganin harshen wuta, sai su saki jiki. Ka ɗauke ta tamkar wuta ce da ba a gani, sauran bayanin zai zo maka da sauƙi.

1. Zaɓen bindiga da bakunanta

Iri biyu za ka fi cin karo da su. Akwai mai maɓalli mai hawa biyu, na farko wajen digiri 300, na biyu 500 ko fiye. Akwai kuma mai abin murzawa ko ɗan allo mai nuna lamba, wadda za ka saita zafin yadda kake so tun daga digiri 50. Ta farkon ta fi araha, kuma in aikinka cire fenti ne da kwance noti ta wadatar. Amma ka lura, hawanta na ƙasa ma ya yi wa roba da gam da wayar salula yawa. In kana da niyyar taɓa irin waɗannan, ƙara kuɗi ka sayi mai saiti, domin abin da za ka narkar a makon farko zai fi bambancin kuɗin.

Kafin ka biya, tsayar da ita a kan bayanta, baki yana kallon sama. In ba ta iya tsayawa da kanta, ajiye musu abarsu. Za ka ga dalili a mataki na 7.

Bakunan ƙarfe da ke zuwa cikin akwatin ba ado ba ne. Mai faɗi kamar wutsiyar kifi na baza zafi ne a wurin cire fenti. Mai tsukakken baki na tara zafi a wuri guda. Mai lanƙwasa kamar cokali yana zagaye fayif ko waya da iska, ta yadda bayan ma zai samu. Sai mai leɓe a gefe ɗaya, wanda ke kau da iska daga gilashi. Sauran kayan da za ka tanada su ne wuƙar kankarar fenti mai mariƙin katako, filaya, tsohon faranti ko gwangwanin ƙarfe na zuba tarkace, da tukunyar kashe gobara mai hoda.

2. Duba wutar da za ka jona

Yawancinsu suna jan wat 1,500 zuwa 2,000. Mai wat 2,000 a kan wuta mai bolt 230 tana jan kusan amfiya 9, wato daidai da butar dafa ruwa ta lantarki, sai dai ita za ta daɗe tana ja. Rabin awa da ita a cikakken ƙarfi yunit ɗaya ne na wuta, don haka kuɗin wutar ba shi ne abin damuwa ba. Abin damuwa wayar da ke ɗauke da ita.

Jona ta kai tsaye a soket ɗin bango in da hali. In sai ka yi ƙari, nemi waya mai kauri, kada ka haɗa ta da wani abu mai jan wuta a kan ƙari ɗaya. Gargaɗi: in wayar ƙarin irin mai naɗewa a gangar nan ce, warware ta duka ko da mita biyu kake buƙata. Wayar da ke naɗe tana tara zafi a ciki har robarta ta narke kai ba ka sani ba. Mai aiki da janareta ko inbata ya duba ƙarfinsu tukuna, ƙaramin janareta ba zai ɗauke ta ba.

Duba igiyar bindigar daga filogi zuwa gindi, in akwai wurin da ya kware kada ka kunna. Duba ramukan shan iska na baya ko na gefe, ka kakkaɓe ƙura.

3. Share wurin aiki

Fitar da fetur, tina (ruwan da ake tsinka fenti da shi), kalanzir, gwangwanin fenti na fesawa, tukunyar gas, da tsummokaran da suka sha mai. Fitarwa nake nufi, daga ɗakin gaba ɗaya, ba turawa gefe ba. Tururin fetur da na tina ya fi iska nauyi, a ƙasa yake kwanciya yana yawo, kuma wayar cikin bindigar jawur take yi don zafi, ga tartsatsin da injin fankar ke yi. In ka shafa maganin cire fenti ko ka goge wuri da tina, aikin bindiga ya tashi a ranar har sai wurin ya bushe sarai, warin ya fita.

Share garin katako da takardu, ɗage labule, buɗe tagogi. Waje ya fi in abin yana ɗaukuwa. Shimfiɗar da za ka yi a ƙasa kada ta zama leda ko jarida, domin fentin da ke faɗowa da zafinsa yake faɗowa. Yara da dabbobi a kai su wani wuri.

4. Kare jikinka

Safar hannu ta fata ko ta auduga mai kauri. Kada ka sa ta roba, narkewa take ta manne da fata, ƙunarta ta fi ta hannu tsirara muni. Haka riga: auduga mai dogon hannu, ban da yadin leda. Sa tabarau. Game da hanci, takunkumin ƙura na yadi ba ya tare hayaƙin fenti da na roba. In aikin mai hayaƙi ne, sai takunkumi mai matatar tururin sinadarai, tare da iska mai ratsa wurin.

5. Kunnawa da riƙo

Ɗora bakin da kake so tun tana sanyi. Kunna a hawa na ƙasa, baki yana kallon fili, ka bar ta kamar minti ɗaya. Sabuwa takan yi ɗan hayaƙi da wari a kunnawar farko, man da ya rage daga masana'anta ne ke ƙonewa, zai wuce cikin 'yan mintuna.

Abubuwa uku ne a hannunka: yawan zafi, nisan baki daga aiki, da tsawon lokacin da ka tsaya a wuri guda. Sabon hannu na farkon kawai yake kallo, ya murɗe zafi ƙarshe ya kafa baki a wuri ɗaya yana jiran abin mamaki. Wanda ya saba kuwa da nisa da motsi yake aiki. Fara daga nesa, kamar taƙi guda, kana kai da kawowa a hankali, ka riƙa matsowa har ka ga abin ya fara amsawa. In bai amsa ba sannan ka ƙara zafi. Karkata bindigar kaɗan, kada ka tsayar da ita tsaye cak a kan aikin, domin iskar tana dawowa cikin bakin ta dafa na'urar. Kada baki ya taɓa aikin, kada tafin hannunka ya toshe ramukan shan iska. Iska ce ke hana wayar ciki ƙonewa, da ta tsaya wayar ta tsinke.

Gwada a lungun da ido ba ya kai wa. Kuma kada ka gwada zafin da hannunka, ga guntun katako nan.

6. Ayyukan da aka fi yi da ita

*Cire fenti daga katako*

Kafin komai, tambayi shekarun fentin. Tsohon fenti, musamman na mai, yakan ƙunshi dalma. A Amurka sai a 1978 aka hana sa ta a fentin gidaje, wasu ƙasashen sun daɗe bayan nan ba su hana ba, don haka ba sai gida ya tsufa tukuf ba. Dalma guba ce mai taɓa ƙwaƙwalwa, ta fi yi wa ƙananan yara da masu juna biyu illa, kuma zafi mai yawa yana mayar da ita hayaƙin da za a shaƙa. Ƙa'idar da ake bi a Amurka ta hana wuce digiri 590 a kan irin wannan fenti. Ni a ganina, in ka yi zargin akwai dalma, ko ka gwada da ɗan kayan gwajin da ake sayarwa ya nuna, ajiye bindigar ka nemi wanda ya san aikin. Gogawa da samfefa a bushe ma ba mafita ba ce, ƙurar ita ma guba ce.

In fentin ba shi da wannan matsala, ga yadda ake yi. Sa baki mai faɗi, zafi matsakaici zuwa sama, nisa kamar yatsa uku zuwa huɗu. Zaɓi wuri kamar faɗin tafin hannu ka riƙa shafa shi da iska. Cikin 'yan daƙiƙoƙi za ka ga fentin ya fara ƙyalli, sai ya yi laushi, sai ƙananan ƙuraje su taso su kumbura kamar fatar da ta ƙone. Nan ne lokacin. Kau da bindigar gaba zuwa wuri na biye, wuƙar kuma ta bi baya tana kwashewa, tana bin tsawon zaren katako. In hannayen biyu suka daidaita, fentin zai riƙa naɗowa a bakin wuƙa kamar ɓawo, ka goge shi a bakin gwangwani tun bai daskare ba. In ka ga ya yi baƙi yana hayaƙi, ka wuce wuri, ja da baya. In wuƙar tana tirjewa, bai nuna ba.

Kada ka nace sai ka fitar da komai da zafi. Ɗan abin da ya maƙale a cikin zaren katako na samfefa ne. Nacin nan shi ke barin baƙin tabo, wanda in banis za ka shafa daga baya zai riƙa kallonka har abada. In abin a tsaye yake, fara daga ƙasa ka yi sama, tunda zafi sama yake tashi yana tausasa maka na gaba.

Gargaɗi biyu a nan. Na farko gilashi: gefen da ya yi zafi yana buɗewa, sauran yana sanyi, sai ka ji ƙas. Sa baki mai leɓe, ko ka kare gilashin da fallen ƙarfe, ko ma ka bar yatsa biyu na kusa da shi ka yi da hannu. Na biyu ramuka da tsagogi. Iskar tana shiga bayan katako da cikin silin, inda ƙura da sheƙar tsuntsu da yanar gizo suka taru shekaru. Wuta takan kama a can tana ci a ɓoye, sai bayan an tashi aiki ta bayyana. Kada ka hura cikin ramin da ba ka ga ƙarshensa ba.

Fentin ruwa a kan bangon siminti ba aikinta ba ne, bangon shanye zafin yake. Ƙarfe mai kauri ma haka, yana jan lokaci.

*Ɓare sitika da tsohon gam*

Zafi mafi ƙanƙanta, daga nesa, daƙiƙa kaɗan. So kake gam ya yi laushi kawai, yadda in ka kau da bindigar za ka iya ɗora yatsa a wurin. Ɗaga kusurwa da tsohon katin roba, ka ja a hankali kana kwantar da shi baya. A jikin mota ka yi hattara sosai, fenti yana kumbura, bamba kuma roba ce, tana lotsawa.

*Robar da ke tsukewa a kan wayar lantarki*

Wannan ɗan bututun roba da ake rufe haɗin waya da shi ya fi salatif tsafta da ƙarko. Wanda aka fi samu yana tsukewa zuwa rabin faɗinsa, mai gam a ciki kuma yakan kai kashi ɗaya cikin uku. Zaɓi wanda bayan ya tsuke zai fi wayar ƙanƙanta kaɗan, ka yanka shi ya zarce haɗin ta kowane gefe. Zura shi a jikin wayar kafin ka haɗa. Kowa ya taɓa mantawa da wannan, ya gama haɗi mai kyau sannan ya hango robar a kan tebur. Tabbatar babu wuta a layin. Digiri 90 zuwa 120 robar ke buƙata, don haka saita zafin ƙasa-ƙasa, ka sa baki mai kamar cokali. Fara daga tsakiya ka yi gefe-gefe kana juya wayar, don kada iska ta maƙale a ciki. Da ta kama jikin waya, tsaya. In ta fara ƙyalli ko ta tsage, zafi ya yi yawa.

*Lanƙwasa fayif ɗin roba*

Fayif irin na PVC yana fara laushi tun wajen digiri 80. Matsalarsa in ka lanƙwasa shi haka nan, gwiwar tana maƙurewa. Maganinta yashi: toshe baki ɗaya, cika shi da busasshen yashi kana bubbugawa ya zauna, toshe ɗayan. Dumama wuri mai tsawo, kamar ninki biyar ko shida na faɗin fayif ɗin, kana juya shi ba tsayawa. In ya yi laushi kamar tiyo, kwantar da shi a ƙasa ka lanƙwasa sannu a hankali, ka riƙe, ka shafa masa jiƙaƙƙen tsumma ya daskare a haka. Gargaɗi: in ya fara yin ruwan ƙasa, ƙonewa yake, kuma hayaƙinsa yana ɗauke da iskar asid mai cin hanci da huhu. Yi wannan aikin a waje. Fayif ɗin da zai ɗauki ruwa mai ƙarfi kuwa, saya masa gwiwa ya fi, lanƙwasawa tana rage masa kauri a bayan gwiwar.

*Kwance notin da ya ci tsatsa*

Tsukakken baki, zafi mai yawa, a kan notin kansa ba a kan ƙusar ba. So ake notin ya buɗe ya saki. Minti ɗaya zuwa biyu, sannan sifana. Jan gam ɗin da ake ɗaure zaren noti da shi sai wajen digiri 250 yake saki. In ka riga ka fesa man sassauta tsatsa, goge shi tukuna, yana kamawa. Kusa da tankin mai ko tiyon fetur ko na birki kuwa, kada ka fara.

*Buɗe wayar salula*

Gam ɗin sikirin da na murfin baya digiri 70 zuwa 80 yake so, shi ya sa bindiga mai hawa biyu ba ta dace da wannan aikin ba. Kashe wayar, bi gefe-gefe kawai daga nesa. Batirin litiyam ba ya shiri da zafi, yana kumbura ya kama da wutar da ke da wuyar kashewa. In batirin ya riga ya kumbura, babu maganar zafi sam. Aikin narkar da dalmar haɗi a kan allon kayan lantarkin da ke cikin wayar kuma na wata ƙaramar na'ura ce mai siririn baki da iska mai saiti. Babbar bindiga za ta kwashe ƙananan kayan da ke kewaye ta watsar.

7. Kashewa da ajiyewa

Mafi yawan ƙunar da na gani bayan an kashe ta aka yi. Ƙarar ta tsaya, hankali ya koma wani wuri, bakin ƙarfen kuwa yana nan da ɗaruruwan digiri, kuma kamanninsa ɗaya da mai sanyi. Ni kaina na taɓa kwantar da tawa a kan benci don in amsa kira. Ban fi minti biyu ba na jiyo ƙaurin roba. Bakin ya kwanta a kan igiyarta, ya cinye baƙar robar har jan ƙarfen waya ya fito yana ƙyalli, filogi kuma yana jone. Da na kai hannu ba tare da na duba ba, da labarin ya sha bamban.

Don haka ko na daƙiƙa goma za ka ajiye, tsayar da ita a kan bayanta, baki sama, a wuri mai tauri, igiya a bayanta inda ƙafa ba za ta ja ba. In an gama aiki, mayar da ita hawan sanyi ko na ƙasa ta yi minti ɗaya ko biyu, hakan yana ƙara wa wayar ciki kwana. Sannan kashe, zare filogi, ka bar ta a tsaye aƙalla rabin awa kafin ta koma akwati. In dole sai ka canza baki a tsakiyar aiki, da filaya za ka cire, ka jefa shi cikin farantin ƙarfe.

A cikin rabin awar nan kada ka bar wurin. Kwashe tarkacen fenti cikin gwangwani ka fitar waje, zagaya kana shinshinawa, ka shafa bayan hannunka kusa da katako da bango ka ji ko akwai inda zafi ya ƙi sauka. Kafin ka kwanta barci ka sake leƙawa. Wanke hannu da fuska kafin cin abinci, rigar aikin kuma a wanke ta daban.

8. In tsautsayi ya faɗa

Ƙuna: saka wurin ƙarƙashin ruwa mai sanyi mai gudu na minti 20, ka cire zobe ko agogo tun wurin bai kumbura ba. Ban da ƙanƙara, ban da man goge baki, ɗanyen ƙwai ko mai. In roba ko yadi ya manne da fata kada ka ɓare, sanyaya shi a haka. Rufe da tsaftataccen abu marar gashi, kada ka fasa ƙurjin. Ƙunar da ta kai faɗin tafin hannu, ko ta fuska, yatsu ko gaɓa, ko wadda ta yi fari ba ta zafi, ta asibiti ce.

Wuta: zare filogi ko ka kashe layin tukuna, sannan tukunyar hoda. Kada ka watsa ruwa a kan abin da ke jone da lantarki ko a kan mai. In hayaƙi yana fitowa daga cikin silin ko bayan bango, fitar da kowa ka kira 'yan kwana-kwana, ko da ba ka ga harshen wuta ba.

In kuma bindigar ce ta fara sauya murya, fanka tana rage gudu, ko ka hango cikin bakin ya yi ja fiye da yadda ka saba, kashe ta nan take. Yawanci ƙura ce ta toshe ramukan iska. Bari ta huce, share su da busasshen buroshi, ka sake gwadawa a hawa na ƙasa. In muryar ba ta dawo daidai ba, injin fankar ne ya gaji, sai a kai wa mai gyara.